Majalisar Ƙofar Tela da Batun Ɗan Asalin Gari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa idan aka ambaci majalisun da maza ke zama a gindin bishiya ko a ƙofar shago bayan sallar la'asar, abin da ake kawowa shi ne zaman kashe wando da cin naman mutane, kuma ban musa cewa akwai irin waɗannan ba. Sai dai ni tsohon malamin firamare ne da ya yi rayuwarsa a wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina, kuma na ga yadda irin wannan zama ya samar wa garinmu ruwan sha, ya kewaye mana maƙabarta, sannan na ga yadda muka raunana shi da hannunmu. Labarin wannan rauni nake so masu karatu su ji, domin na tabbata ba garinmu kaɗai ya shafa ba.

Majalisarmu ta soma ne a ƙofar wani tela, wanda ya zo garin tun yana saurayi daga ƙasar Maraɗi, da keken ɗinkinsa da tabarmarsa, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a cikinmu. Mai unguwa ya ba shi zaure ya sauka, mahaifiyata kuma ta riƙa aika masa tuwon dare har ya zama ɗan ɗakinta, yana kiran ta Inna kamar yadda muke kiran ta. Da ya tashi aure, mahaifina ne ya tsaya masa a matsayin waliyyi wajen neman auren, ni kuma na zama babban abokin ango. A ƙofar shagonsa muke haɗuwa, mu kusan goma sha biyu: malaman makaranta, manoma, mahauci, direban motar kasuwa, da malamin asibitin sha-ka-tafi wanda aka turo daga kudancin Kaduna, Kirista ne, kuma shi ma ba shi da kowa a garin sai mu. Babu wanda ya zauna ya tsara mana wata manufa. Mun dai saba da juna ne har ya kai idan ɗayanmu bai fito ba kwana biyu sai a tashi a tafi gidansa, saboda zumunta a ƙafa take.

Abin da ya mayar da hira ta zama aiki shi ne wata damina da amai da gudawa ya shigo garin. Famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya da muke da shi ya lalace tun bazara, mutane suka koma shan ruwan tafki, kuma an kai kuka inda ya kamata a kai, sau da yawa, ba a ga kowa ba. Malamin asibiti ne ya zo majalisa da idanu jajur saboda rashin barci, ya ce mana in ba a gyara famfon nan ba, ruwan gishiri da sukari da yake ba yara ba zai hana mu ci gaba da haƙa kaburbura ba. A daren muka yi karo-karo, kowa ya kawo abin da yake da shi, mahauci ya ba da kuɗin akuyar da zai yanka washegari, direba ya ɗauki nauyin zuwa birni ya kawo mai gyara da kayan aiki ba tare da ya karɓi ko kuɗin mai ba. Da aka zo batun wanda zai riƙe kuɗin, babu wanda ya yi gardama, duka muka nuna tela. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da mata ke kai wa atamfar sallah ya mayar musu da ƙyallen da ya rage, ba za a ji tsoron ba shi ajiyar jama'a ba.

Daga nan abin ya ɗore. Muka sa zubi na mako-mako kamar na adashi, tela yana rubutawa a wani littafin makaranta da ajami, yana karanta wa kowa duk ranar Juma'a da yamma. Da wannan kuɗi da aikin gayya muka yashe magudanan ruwa kafin kowace damina, muka kewaye maƙabarta da ginin ƙasa, muka sayi makara da kayan haƙar kabari, muka rufe ajin da iska ta yaye wa kwano. Matanmu su ma suka ɗauki nasu ɓangaren ta hanyar ƙawance da biki da suka gada, kuma su ne suka fara tara kuɗin da ake ɗaukar mai naƙuda zuwa babban asibiti idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Ina son a lura da cewa duk wannan ya gudana ne ba tare da hatimi ko takardar rajista ba; jarin da muke juyawa shi ne sanin da muka yi wa juna.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, ranka ya daɗe. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai dangin da haihuwa ke ba mutum, akwai kuma wanda zama ke ba shi, shi ya sa harshenmu yake da amini da aminiya, uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ubangida da yaronsa, kowanne da hakkinsa da aka sani. Fatakenmu da suka bi hanyar goro suka kafa zango a Kumasi da Accra, da waɗanda suka zauna a Sabo ta Ibadan, da irin wannan dangantaka suka rayu, inda maigida zai sauki baƙon da bai taɓa gani ba, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, in ya mutu ya yi masa sutura. Sama da wannan duka, muna da abin koyi a Madina bayan Hijira, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa.

Ko siyasar da muke alfahari da tarihinta a Arewa, daga zaman abokai ta tsiro. A farkon shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suna cikin waɗanda ke haɗuwa a Bauci suna tattauna halin da ƙasa ke ciki, kuma Malam Aminu a lokacin baƙo ne a garin, aikin koyarwa ne ya kai shi. Mutum takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, akwai kuma Bello Ijumu, mutumin ƙasar Kabba da ke cikin Jihar Kogi a yau. Da a ce a ranar an tsaya tambayar wane ne ɗan asalin Kano, da an rasa ɗaya daga cikin ginshiƙan tafiyar.

To, ga inda muka yi kuskure. Bayan shekaru, 'ya'yan garin da suka yi karatu suka zama manyan ma'aikata a birane suka dawo da shawarar a mayar da majalisar ƙungiyar ci gaban gari, mai tsarin mulki da asusun banki da rajista, domin a samu damar neman tallafi daga hukuma. Shawara ce mai kyau, kuma na yi imani da kyakkyawar niyya suka kawo ta. Amma a cikin takardar da suka rubuto akwai sashen da ya ce babu mai riƙe muƙami sai ɗan asalin gari, wato wanda aka haifi mahaifinsa a cikinsa. An karanta sashen a bainar jama'a, a filin makarantar da muka rufe wa aji, tela yana zaune a sahun gaba da littafinsa a kan cinya. Na san abin da kalmomin suke nufi a kansa, sauran abokanmu ma sun sani, amma kwarjinin manyan baƙi da jin kunyar a ce mun kawo cikas ya sa babu wanda ya ɗaga hannu a cikinmu. Ni ma ban ɗaga ba, kuma har yau wannan shirun yana damuna. Washegari ya kawo littafin da sauran kuɗin da ke hannunsa, ya ƙirga su a gaban shaidu, ya miƙa wa sabon ma'aji, ya koma kan kekensa bai ce uffan ba. Malamin asibiti kuwa, wanda maganarsa ce ta fara tayar da mu, ya zama sai dai a gayyace shi taro a matsayin baƙo.

Ƙungiyar tana nan har yanzu, tana da allo a bakin titi, tana yin taro duk bayan sallah ƙarama. Amma zubin mako-mako ya mutu cikin ɗan lokaci, saboda talakan da ke miƙa wa tela kuɗinsa hannu da hannu, ya kuma ji an karanta sunansa ranar Juma'a, ba ya jin irin wannan natsuwa game da asusun da masu sa hannu a kansa suke zaune a birni. Aikin gayya ya koma jiran kwangila. Da kakar zaɓe ta zo, 'yan takara suka gane cewa ƙungiya mai shugaba ɗaya ta fi majalisar abokai sauƙin saye, daga nan kuma aka rabu gida biyu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga makamancin haka a babban mataki: samariya tsohuwar al'ada ce ta matasan gari a ƙarƙashin sarkin samari, kuma bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 gwamnatinsa ta rungume ta, aka yi ayyuka da ita na gina azuzuwa da dashen itatuwa, amma da ta zama hannun hukuma sai ƙarfinta ya rataya a kan gwamnatin da ta ɗauke ta, ya kuma ja baya da tafiyarta. Matasan Damagaram da Yamai na yau sun koma majalisun da suke kira fada, inda suke dafa shayi a bakin titi, wato sun sake komawa ga zaman abokai da aka fara da shi.

Ba ina cewa rajista da tsarin mulki abin ƙi ba ne. Kuɗin jama'a idan ya yi yawa yana bukatar banki da mai binciken lissafi, kuma amana ita kaɗai ba ta isa ta riƙe miliyoyi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko ma'aunin takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ta riga ta raba kan 'yan Najeriya a wajen neman aiki da gurbin karatu, a shigo da ita cikin aikin sa kai na unguwa, inda babu albashi balle a ce ana rabon arziki. Muna yawan cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, amma mutumin da ya shekara arba'in yana shan ruwan rijiyarku, ya aura a cikinku, ya binne matattunku, wace raɓa ce ba ta bushe ba tsawon wannan lokaci? A garuruwa da dama ma, wanda ake kira ɗan asali shi ne wanda ba ya kwana a garin sai da sallah, wanda ake kira baƙo kuwa shi ne ke nan ranar da kwalbati ya toshe.

Maganar ta ƙara muhimmanci yanzu, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, dole a samu mutanen da za su iya tsayawa a gaban kansila ko ciyaman su tambaye shi inda kuɗin famfo ya shiga, kuma mutum ɗaya ba ya iya wannan tsayuwa sai yana da waɗanda ya tabbata ba za su gudu su bar shi ba. Irin wannan tabbaci a majalisa ake samun sa, bayan shekaru na zuwa sunan juna da zaman makokin juna. Duk garin da ya kori rabin waɗannan mutane daga shugabancin ƙungiyarsa da sunan asali ya rage wa kansa masu yi masa magana.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko gare ka ne, Edita: ka riƙa tura wakilanka ƙananan garuruwa su zauna a majalisu da gidajen uwayen adashi, su rubuto mana yadda mutane ke gyara rijiyoyinsu da makarantunsu, da sunayen sana'o'in masu yin aikin da inda suka fito, domin a ga ko su wane ne ke riƙe da garuruwan nan a zahiri. Na biyu kuma ga shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari ne, da hakimai da dagatai da ake kai wa tsarin mulkin waɗannan ƙungiyoyi su sa albarka: su duba sashen da ya yi maganar wanda ya cancanci muƙami, su mayar da sharaɗin ya zama zama a gari da ba da gudummawa, su bar tambayar inda aka haifi uban mutum.

Tela ya rasu shekaru uku da suka wuce. Mu muka yi masa wanka, muka ɗauke shi a makarar da aka saya da kuɗin da ya riƙe, muka rufe shi a cikin katangar da ya ɗebi ƙasar gina ta, kusa da kabarin Inna. Malamin asibiti, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu, ya yi tafiyar yini guda ya zo ya zauna makoki tare da mu kwana uku. Babban ɗan marigayin, wanda a garin aka haife shi kuma yake kira na Baffa, shi ne yanzu ke tara matasa su yashe magudanan ruwa kafin damina, amma bisa tsarin mulkin ƙungiyarmu bai cancanci ko muƙamin mataimakin magatakarda ba. Na rubuta wa shugabanni takardar neman a gyara wannan sashe, mutum biyar da suka rage daga majalisarmu sun sa hannu tare da ni, kuma za a karanta ta a taron bayan sallah mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
daga ƙasar Katsina.