Kafin ka yanke wa bawul hukunci

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na karanta abin da ka rubuto a kan amfilifayarka, cewa ka cire bawul ɗin EL34, wato kwalaben gilashin da ke ƙarfafa sauti, ka sa na KT88, sai ka ji sauti ya buɗe, har kana shirin sayen wasu. Ka dakata tukuna. Ina so ka fara tabbatarwa bawul ɗin ka ji, ba ƙarin ƙara ba.

Babu abin da ke yaudarar kunne kamar ƙarfin sauti. Wanda ya fi ƙara ko da rabin desibel ne, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kunne zai ce shi ya fi tsabta, shi ya fi nauyi. Kuma da wuya bawul iri biyu su ba da ƙarfi ɗaya ko da ba ka taɓa maɓallin ƙara ba. Saboda haka ka kunna sautin gwaji mai has 400, ka sa mitarka a AC, ka auna a inda wayar sifika take shiga. A ce ta nuna bolt 2.00, ka rubuta. Bayan ka canza bawul, ka daidaita maɓalli har mita ta tsaya tsakanin 1.98 da 2.02. Wannan ratar daga 2.00 ba ta kai desibel 0.1 ba. Yawancin "buɗewar" da ake yabo a nan take ɓacewa.

Sai bayas, wato yawan wutar da bawul ke sha lokacin da babu kiɗa. Nan ne ake yawan yin ɓarna. Farantin ƙarfen da ke cikin EL34 yana ɗaukar wat 25, na KT88 kuwa wat 42. Abin da aka saba a amfilifaya mai aji AB shi ne kada a wuce kashi 70 cikin 100 na wannan iyaka. Idan farantin yana kan bolt 450, kashi 70 na wat 25 shi ne 17.5, ka raba da 450, ka sami kusan miliam 39 ga kowane EL34. In akwai resista mai om 10 a wurin gwaji, mita za ta nuna bolt 0.39. KT88 yana bukatar a ƙara matse bayas ɗinsa don a rage wutar da yake sha. Ka sa shi a kan saitin EL34, zai zuƙi wuta fiye da kima. In ka ga farantin cikin gilashin ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Shuɗin haske a jikin gilashi ba komai ba ne. Idan kuma bayas ya yi sanyi da yawa, wato wutar ta yi kaɗan, sautin zai fito siriri da kaushi, sai ka ɗora wa bawul laifin da ba nasa ba.

Ka duba littafin na'urar game da hita ma, wato zaren da ke ɗumama bawul. EL34 yana cin amfiya 1.5, KT88 1.6, wannan da sauƙi. Amma bawul ɗin 6L6GC 0.9 kawai yake ci, don haka wanda ya maye huɗu da EL34 ya ɗora wa taransifoma ƙarin amfiya 2.4, tana iya ƙonewa.

To akwai bambanci na gaskiya? Akwai. A ganina KT88 ya fi riƙe ƙasan sauti idan an ƙure ƙara, domin yana da sauran ƙarfi a ajiye, EL34 kuma ya fi taushi a muryar mutum. Sai dai girman bambancin ya dogara da ginin amfilifayar. Wadda ke mayar da wani kaso mai yawa na sautinta baya don gyara kanta takan shafe halin bawul kusan duka. Irin amfilifaya mai bawul ɗin 300B guda ɗaya, bawul ɗin da kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, wat 8 kawai take bayarwa, galibi ba ta da wannan gyaran, kuma turjiyar mafitarta takan kai om 2 zuwa 3. Shi ya sa sautinta ke canzawa daga sifika zuwa sifika, har abin da ake kira zaƙin bawul sau da yawa haɗuwarta ce da sifikar.

Ƙananan bawul na gaba kuwa, kada kamannin ƙafafu ya ruɗe ka. 12AX7 yana ninka sigina sau 100, 12AT7 sau 60, 12AU7 ƙasa da 20. Rami ɗaya suke shiga, amma ba madadin juna ba ne. Ka ɗan ƙwanƙwasa kowanne da gindin fensir yana aiki. Wanda ya yi ƙararrawa a sifika yana jin girgiza, a cire shi.

Ranar gwajin, ka bar kowane saiti ya yi minti 20 yana ɗumi kafin ka auna. Ka zaɓi gajerun sassan kiɗa uku da ka sani sosai. Wani ya riƙa yi maka canjin ba tare da ka gani ba, ka rubuta abin da ka ji kafin ya faɗa maka.

Don Allah ka kiyaye abu biyu: kada ka kunna ta babu sifika a haɗe, taransifomar fita na iya lalacewa, kuma kada ka sa hannu ciki ko da ka cire fulogi, kafasita, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, na iya riƙe fiye da bolt 400 bayan an kashe.

Ka turo mini lambobin da mitarka ta nuna. A gaida mutan gida.

Wassalam,
Amininka