A koya wa ma'aikatan asibitin unguwa gane ruɗu

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ta yi kyau amma wallahi har yanzu a unguwanninmu in mutum ya kafe cewa matarsa na zuba masa guba a tuwo, ko maƙwabta na sauraronsa ta soket ɗin bango, kuma duk hujjar da aka kawo masa ba ta girgiza shi, sai kawai a ce aljanu ne ko sammu, a kai shi gidan mari.

Alhali wannan alama ce ta ciwo, ita ce ake kira ruɗu. Sikizofireniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, na kawo ta, haka wiwi da tiramol, zazzaɓi mai zafi, ruɗewar tsufa, har mai jego na iya shiga ciki. Likita zai ji tarihi daga bakin dangi, ya yi gwajin jini, ya bambance ruɗu da abin da jama'a suka saba yarda da shi.

Don Allah gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa gane wannan da wuri, su tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware ko Dawanau, malamai masu ruƙya ma a sa su ciki.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya