Wasiƙa Daga Jidda

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Ni lafiya lau, aiki da godiya, zafi ne kawai.

Labari ya iso ni cewa an ɗauke mutum a ƙauyen da ke gaba da namu ta hanyar Mangu, an kuma kore shanu da dare. Na tura naira dubu 450 asusunka. Kada Auta ya ji, kada a yi zancen a gidan biki. Masu garkuwa ba da ka suke zuwa ba, sai an nuna musu gidan da kuɗin waje ke shiga. Kada ka cire a POS ɗin ƙauye, ka cira a Jos kaɗan-kaɗan, mai walda kuwa ka tura masa ta waya.

A yi wa Baba ƙofar ƙarfe mai kauri, da sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa. Amma ƙofar ƙarfe a jikin bangon ƙasa asarar kuɗi ce, bugu biyu za a tumɓuke ta har da firam. A fasa gefe da gefe, a tayar da ginshiƙi da bulo da rodi, a yi kwana 7 ana ba simintin ruwa kafin a rataya ƙofar. Magina da gaggawa suke, ka tsaya a kansu. Fitilar sola biyu, ɗaya a garke, ɗaya a ƙofar gida, a kafa su sama inda hannu ba ya kai, su haska waje ba tsakar gida ba.

Kuɗin 'yan banga na wata 3 a ba mai unguwa a gaban shaida. In sun kama wani, ban da duka, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Na ji Kawu ya daina gaisawa da maƙwabtanmu na hayi saboda zargi. Haba! Mutanen da muke noman dankali tare tun zamanin Kaka? Su ne za su fara jin ƙarar babura, su ne za su bugo waya. Ya je ya gaishe su, ya karɓi lambobinsu.

Na san ni ya kamata in kwana a zauren nan. Allah ya huci zuciyar Baba.

Auta kuma ya daina cewa a majalisa yayansa na Saudiyya. Ka ja masa kunne sosai. In an gama ƙofar ka turo mini hoto.

Ƙaninka.