Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa injiniyoyi da ɗalibai.

Aikin da babban taron bara ya ɗora wa kwamitin gudanarwa shi ne mu koyi gwada tsarin da ya haɗa kwamfuta da injuna ta hanyar kwaikwayonsa a kwamfuta, tun kafin a sayi ko da waya ɗaya. Mun zaɓi ƙaramar tashar sola ta ƙauye, domin ita ce yawancinmu ke hulɗa da ita, kuma tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta fitar da dokokin irin waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023, aikin sai ƙaruwa yake yi. A irin wannan tasha akwai faranti, batir, inbata, janareta da mitoci, sannan akwai manhajar da ke ba su umarni ta layin sadarwa. Wuta da saƙo tare suke tafiya.

Farkon shekara ya tafi a horaswa. Mun karanta FMI, ƙa'idar musayar samfuran na'urori na kwamfuta, wadda ta fito a 2010 daga wani aikin bincike na Turai mai suna MODELISAR, aka sabunta ta a 2014 da 2022. Amfaninta shi ne kowa ya gina samfurin na'urarsa da manhajar da ya saba, ya naɗe shi a ƙunshi ɗaya, wani ya ɗauka ya haɗa da nasa. Mun kuma taɓo HLA, wata ƙa'idar haɗa manhajojin kwaikwayo, wadda ta samo asali daga atisayen sojojin Amurka a kwamfuta, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta amince da ita a 2000. Ba mu daɗe a kanta ba, ta fi ƙarfin buƙatarmu.

Babban aikin shi ne kwaikwayon haɗin gwiwa, wato manhajoji daban-daban su yi aiki tare, kowace tana kwaikwayon wani sashe na tashar. Rukunin Kano ya gina layukan wuta da GridLAB-D, na Zariya ya gina hanyar sadarwa da ns-3, na Kaduna ya yi batir da inbata a OpenModelica, manhajar HELICS kuma ta zama mai raba musu lokaci ta intanet. Duk waɗannan manhajoji kyauta ake samun su, wannan ne ma ya sa muka zaɓe su.

A nan nake so membobi su tsaya su lura. Wahalar ba ta haɗa kwamfutoci ba ce, ta agogo ce. Manhajar sadarwa tana lissafi da ɗan gutsuren sakan, tana tsalle daga saƙo zuwa saƙo, ita kuwa ta batir tana tafiya taki-taki. Idan ɗaya ta wuce gaba ba ta jira ba, sai umarni ya iso wa na'ura a lokacin da a lissafinta ya riga ya wuce, sakamakon ya fito da kyau alhali ƙarya ne. Shi ya sa dole kowace ta nemi izini kafin ta matsa gaba, kamar masu sallah a bayan liman. Wannan yana rage sauri ƙwarai.

Abin da gwajin ya nuna ya cancanci wahalar. Da muka gwada wutar ita kaɗai, muna ɗauka kowane saƙo yana isa nan take, tashar ta tsaya daram. Da muka sa jinkiri da ɓacewar saƙo irin wanda kowa ya sani a layin waya na karkara, muka kuma rage hasken rana kamar ranar da ƙurar hunturu ta rufe sama, sai umarnin tada janareta ya riƙa makara, batir ya sauka ƙasa da iyakarsa, inbata ya yanke wuta. Gyaran da rukunin Kaduna ya kawo shi ne a bar wa inbata ikon yanke shawara da kansa idan ya ji shiru daga manhajar da ke ba da umarni. A ganina wannan ne mafi amfanin abin da ƙungiya ta samar bana. Mu tuna cewa ɗaukewar wutar 14 ga Agusta 2003, da ta shafi mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada, ta yi tsanani ne saboda manhajar gargaɗi ta tsaya masu kula da layi ba su sani ba.

Saura gwajin kutse ta kwamfuta, irin wanda aka yi wa wutar Yukren a Disamba 2015, da kuma jona inbata na gaske da kwaikwayon. Na biyun yana buƙatar kayan aiki, kuma ma'aji zai yi bayanin kuɗi a nasa rahoton. Muna roƙon membobin da ke kula da tashoshi su ba mu bayanan mita da na batir, bayan cire sunayen masu amfani da wutar. Wanda ke son shiga rukunin tsaro ya ba da sunansa ga sakatare kafin babban taro.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya