Maganar Fijon Baba

Suame Magazin, Kumasi

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fatan kowa lafiya. Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce wa Inna yajin ya iso, har Tonawan da muke gareji ɗaya sun fara roƙo. Mu nan ruwa ya sauka tuni, ku kuwa na san bazara tana gasa ku.

Na ji saƙonka cewa 504 ɗin Baba tana oba hitin, kuma bakaniken tasha ya ce sai an sauke top silinda, wato kan inji, an sa sabon gaskit, shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin inji. Kada ku ba shi ko kwabo tukuna. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma wanda bai tambaye ka yaushe motar take zafi ba, bai fara bincike ba.

To ni na tambaye ka. Idan a cunkoson kasuwa allurar zafin inji take hawa, da kun hau titin Zariya ta sauka, iska ce ba ta isa lagireto, ka zargi fanka ko fambel. Fankar 504 tana da maganaɗisun da ke kama ta idan inji ya ɗau zafi, kuma idan ya mutu za ka ga tana juyawa sama-sama, ba ta jan komai. Idan kuwa a cikin gari lafiya lau, sai an yi gudu ko an ɗora buhuna take tafasa, to ruwa ne ba ya zagayawa: lagireto ya toshe, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa.

Da asuba, kafin a tayar da ita, ka buɗe bonet. Fara da murfin lagireto, abin da kowa yake rainawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, murfin nan ne yake riƙe matsi har ruwan ya wuce haka bai tafasa ba. Robarsa ta tsage, shi ke nan, ruwa zai riƙa zubewa ta ƙaramin tiyo kuna ta ƙari. Danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya da 'yan kai. Kama fanka ka girgiza. In ta yi lilo, ko ka ga sawun tsatsa a ƙarƙashin famfon ruwa, ya gama aiki.

Sai tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi, in ma yana nan, don na san mutanenmu da cire shi su jefar wai ƙasarmu da zafi. Ɗaure shi da zare ka saka a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, wajen digiri 80. In ya ƙi, ka samu ɓarawonka da kuɗi kaɗan.

Amma zuciyata ta fi karkata ga lagireton. Shekara nawa Baba yana ɗura mata ruwan rijiya? Leƙa cikin butar mai shayin ƙofar gida, wannan farin ɓawon shi ne a cikin hanyoyin ruwan motar. Ga sabulu da ɗanyen ƙwai da aka sha zuba mata don tsayar da yoyo, a gabana aka yi wani. Bayan ta yi ɗumi ka kashe ta, ka shafa fuskar lagireton. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, nan ya toshe. A kai wa masu lagireto su buɗe su tsefe shi, daga nan sai ruwan sama da aka tace haɗe da kulan, ruwan sanyaya inji.

Gaskit ba ya ɓuya. Buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, cika ruwa, tayar da ita: kumfa za ta riƙa tasowa ba tsayawa. Baƙin mai zai koma kamar shayi da madara, salansa tana farin hayaƙi ko bayan inji ya yi ɗumi. In ka ga waɗannan, a sauke top silindan, amma a kai a auna shi, don na alminiyon ne, yana lanƙwashewa. Kuma kada a juya injin bayan an sauke shi sai an danne hannayen silinda, bututun da fistin ke gudu a ciki, in ba haka ba su ɗaga, ruwa ya shiga mai.

Ka tuna tabon hannuna na dama. Murfin lagireto na buɗe da zafi. Kada ka yi, kuma kada ka bar Baba ya kwara wa inji mai zafi ruwan randa.

Ka duba su ranar Asabar ka kira ni bayan la'asar, ina so in ji ƙarar injin da kunnena. Kuɗin murfi da fambel zan turo ranar Juma'a.

Yayanka.