Awara ba ta kashe mazakuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili kan maganar da ake yaɗawa a majalisu da kasuwannin ƙauyukanmu, cewa awara da madarar waken suya suna rage ƙarfin namiji. Maganar tana da tushe, amma an ja ta inda ba ta kai ba, kuma matan da ke suyar awara don rufin asirin gidajensu su ne ke asarar ciniki.

Waken suya yana da sinadaran da ake kira isoflabon, babbansu jenistin. Siffarsa ta yi kama da istrojin, sinadarin mata, shi ya sa yake iya maƙalewa a gurbinsa, sai dai ƙarfinsa bai kama ƙafar na istrojin ba. A cikin 'ya'yan maraina akwai ƙwayoyin halitta da ake kira Leydig masu samar da testosteron, sinadarin maza, da ƙwayoyin Sertoli masu rainon maniyyi har ya nuna. In aka raba irin waɗannan ƙwayoyi da jiki, aka sa su a kwanon gwaji, aka zuba musu jenistin mai yawa, yakan toshe saƙon da ke sa su rabuwa su yawaita. Sai girmansu ya tsaya, wasu ma su mutu. To amma kwanon gwaji ba shi da hanta. Wanda ya ci awara, hanjinsa da hantarsa ne ke ɗaure mafi yawan sinadarin, ƙoda ta fitar da shi a fitsari cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan maza a 2010, da wanda ya biyo baya a 2021, ba su ga raguwar testosteron ba.

Wurin hattara shi ne jariri, wanda marainansa ke kan ginuwa. A bar shi da nonon uwa zalla har wata 6.

Ga masu kiwo kuwa: a shekarun 1940 tumaki a Ostireliya sun rage haihuwa saboda kiwon wata ciyawa mai yawan isoflabon. Don haka kada ragon barbara ya dogara kan waken suya kaɗai, a gauraya masa da dusa da harawa. A kuma soya waken kafin a bayar, domin ɗanyensa na hana narkewar abinci. Zafi yana gyara wannan, amma ba ya kawar da isoflabon.

Magidancin da ya ga ƙarfinsa na namiji ya yi rauni, ya je asibiti a duba masa ciwon suga da hawan jini, ya kuma faɗa wa likita in ya taɓa yin hangum bayan ya balaga.

Wassalam,
Likitan dabbobi, daga Ringim, Jihar Jigawa