Wasiƙa daga Kolorado: tambayar da ɗanka ya yi mini a cikin mota

Aminina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Jos, yaya hunturu? Yaya maman yara da 'yan makaranta, yaya ƙafar Baba? Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta kora kowa ɗaki kamar kaji a akurki. Na ga saƙonka tun makonni uku da suka wuce. Ka yi haƙuri, aikin dare ne ya sha kaina, kuma abin da ka tambaya ya fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu a WhatsApp.

Ka ce dattawan ikilisiya sun ɗora maka jawabi a taron matasa a kan wiwi da tsarkin jiki da abin kallo, kuma wani yaro ya tsare ka da cewa ai Turawan da suka kawo mana bishara sun halatta wiwi a ƙasarsu. Bai yi ƙarya ba. Kanada, inda ɗan mishan Bingham na ƙungiyar SIM ya taso ya nufo mu a 1893, ta halatta ta a duk faɗin ƙasar tun Oktoban 2018. Jihar da nake zaune kuwa, ita da jihar Washington ne suka buɗe ƙofa a Amurka, da ƙuri'ar jama'a a Nuwamban 2012, shaguna suka fara ciniki ran 1 ga Janairun 2014. Yanzu kusan rabin jihohi sun bi sahu. Amma gwamnatin tarayya ba ta halatta shan ta don nishaɗi ba, shi ya sa baƙo irina da ke neman takardar zama ɗan ƙasa yana iya rasa ta in ya yi abin da maƙwabcinsa yake yi a baranda hankali kwance.

Da za ka bi titin Colfax na birnin Denver da ni, da ka riƙe baki. Shagon wiwi tsaf kamar kemis, har da alamar gicciye kore a ƙofa, abin da ya ɗaure mini kai da farkon zuwana, na ɗauka asibitin mishan ne. Sai an duba katinka an ga ka cika shekara 21 kafin ka shiga. Kuma ba irin ganyen da 'yan tasha suke naɗawa a bayan gareji ba ne kawai. Akwai alewa, akwai cakulan, akwai mai da ake zuƙa a wani ɗan bututu kamar biro. Ƙarfinta ma ya ninka na da. Sinadarin da ke bugarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a ganyen shekarun 1990, yau na shago ya ninka haka sau uku ko fiye, man kuwa yana haura kashi 60. Wani ɓangare na harajin, dala miliyan 40 na farko a shekara, an ware shi don gina makarantu, da wannan aka lallashi iyaye da yawa. A Denver har wani tsohon ginin majami'a aka mayar "cocin wiwi" a 2017. Allah ya kyauta.

To, bari in ba ka labarin gida, amma ya tsaya tsakaninmu. A watan jiya ina share mota na tsinci wani ɗan leda mai kyalli a ƙarƙashin kujera, alewa ce mai siffar 'ya'yan itace, saura biyu. Saura kaɗan in miƙa wa autarmu, sai idona ya faɗa kan tambarin da ke jiki. Jikina ya yi sanyi. Da yamma na ɗauki ɗanka na fari, wai mu je sayen mai, na ajiye ledar a kan cinyarsa ban ce uffan ba. Ya ce ta abokinsa ce. Wataƙila haka ne. Amma maimakon ya sunkuyar da kai yadda ni da kai za mu yi a gaban Baba, sai ya buɗe mini Littafi. Ya ce a Farawa 1:29 Allah ya ba mutum kowane tsiro. Na ce an ba mu don abinci, kuma zaƙami ma tsiro ne, ya je ya yi miya da shi. Ya yi dariya. Sai ya ce, "Baba, kai fa da goro? Ran da ya yanke maka, ba mai iya yi maka magana a gidan nan."

Wallahi, ka gafarce ni da rantsuwa, maganar ta shige ni. Na kawo masa Afisawa 5:18 a kan buguwa, na ce goro ba ya raba mutum da hankalinsa, wiwi kuwa don a bugu ake shan ta. Wannan gaskiya ce kuma ina nan a kanta. Amma da na dawo gida na buɗe 1 Korantiyawa 6:12, inda Bulus yake cewa abu yana iya zama halal amma ba mai amfani ba, kuma shi ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba, sai na ga ayar ta kama ni kafin ta kama yaron. Abin da ya ƙara ba ni mamaki, a wannan wuri ɗin ne dai, layuka kaɗan a gaba, Bulus ya ce a guje wa fasikanci domin jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Shekara nawa muna karanta surar, ban taɓa lura cewa zance ɗaya yake yi ba. Abubuwa ukun da ka rubuto mini, wiwi da tsarkin jiki da abin kallo, tambaya ɗaya ce: wa ke riƙe da linzaminka?

Kan maganar tsarki, kada ka ɗauka Kiristocin nan sun yi sake. Sun yi ƙoƙari har ya wuce gona da iri. A 1993 'yan Baptis na kudu suka ƙaddamar da True Love Waits, matasa suna sa hannu a kati cewa ba za su san namiji ko mace ba sai ran aure, wasu har da zobe. A Colorado Springs, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga gidana, aka fara bikin da uba yake rawa da 'yarsa yana alkawarin tsare budurcinta. Yaran wancan zamani su ne iyaye yanzu, ina zama da su a benci ɗaya. Wata 'yar'uwa a ƙungiyarmu ta nazarin Littafi ta ba mu labarin yadda malaminsu ya zagaya da fure a aji, kowa ya murza, da ya yamutse ya ɗaga ya ce wa zai so wannan. Ta ce ta shekara goma tana ganin kanta a furen nan, alhali abin da ya same ta ba da yardarta ba ne. Ɗakin ya yi tsit.

Nan take na tuna da namu. Ka tuna yarinyar nan ta ƙungiyar mawaƙa da aka sa a horo, aka tsayar da ita a gaban jama'a ran Lahadi, ta koma bencin baya wata shida ba Jibin Ubangiji? Wanda ya yi mata cikin yana Kaduna yana karatunsa, ba wanda ya kira sunansa. Ni da kai muna wurin, ba mu ce komai ba. A Yahaya 8 ma mace kaɗai aka jawo, ka san kuma abin da Ubangiji ya yi da masu duwatsun. Ban ce a sassauta koyarwa ba, 1 Tasalonikawa 4:3 tana nan daram. Amma in za ka yi magana a taron, ka juya ka fuskanci samarin, ka daɗe a kansu. 'Yan matan sun sha wa'azin tsawon siket har sun haddace.

Abin kallo kuwa ba ni da bakin magana sosai. A zamaninmu zuwa silima kaɗai ya isa a kai ƙararka wurin fasto, yau silimar tana cikin aljihun kowane yaro. Ni kaina akwai wani dogon shiri da nake bi a Netflix, in wani wuri ya zo sai in yi wuf in tura gaba ina waige-waige. Ɗanka ya lura da wannan ma, bai bar ni ba. Na daina kallonsa, ba don wani ya hana ni ba, sai don na auna shi da Filibiyawa 4:8 ya faɗi warwas.

Kan dokar wiwin kanta, Kiristocin nan ba bakinsu ɗaya ba. Marigayi Pat Robertson, mai wa'azin talabijin wanda ba mai zarginsa da sassauci, ya ce a 2012 a bi da wiwi yadda ake bi da giya, domin kurkuku ta cika da samari kan ɗan ƙulli. An kuma daɗe ana kama baƙaƙen fata kusan ninki huɗu na farare, alhali shan nasu kusan ɗaya ne. Wasu fastoci kuma suna cewa abin da doka ta buɗe wa shago, yaro zai ɗauka ba shi da illa. Ina ganin gaskiya a duka biyun. Ba na son a ɗaure yaro shekaru ya fito ya fi da lalacewa, amma kada Allah ya nuna mini irin shagunan nan a kasuwar Terminus ta Jos. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya, wannan fa da haramcin da NDLEA da komai. Wa zai tsaya duba katin shekaru a can?

Yaron nan da ya tsare ka dai, ka gaya masa Kaisar yana iya cire hannunsa daga abu, wannan bai sa abin ya zama alheri ba. Burukutu ma ba a kama kowa a kanta a unguwarmu, amma ya san gidajen da ta rusa.

Ni da ɗanka mun yi yarjejeniya: zan bar goro har Ista, shi kuma zai riƙa gaya mini inda yake kwana ran Juma'a. Yau kwanana tara, kaina kamar ana daka sakwara. Ku sa mu a addu'a. In mai zuwa ya samu kafin Kirsimeti, a aiko mana da daddawa da yaji da kuka, goron kuwa a bar shi tukuna. Ka gaida Baba da kyau, ka ce masa kuɗin magani yana hanya ƙarshen wata. Maman yara tana gaida takwararta.

Naka a cikin Ubangiji,
Amininka na Aurora